Makullin da Ke Aljihun Bishnu

Ƙarfe tara na safiyar Talata aka kira 'yan sanda cewa an tsinci gawa a sabuwar tashar wutar lantarki da ake ginawa a arewacin Kuwait.

Sufeto Mishari ya tarar da gawar a ramin manyan wayoyi, an rufa mata buhun siminti. Sunan mamacin Bishnu, mai aikin wuta ɗan Nepal. Tafukan hannunsa sun ƙone ƙurmus. A aljihunsa akwai ƙaramin makulli ɗaure da jan zare.

Manajan aikin, Injiniya Fawwaz, ya ja sufeton zuwa ofishinsa, aka kawo gahawa da dabino. Ya ce shi sai takwas da rabi ya iso, ya tarar an riga an yi abin. Amma zancen a fili yake: ɓarawon waya ne, ya shiga ramin ba izini, wuta ta kama shi. Jibi manya za su zo gwajin tashar, unguwanni uku na sabon birni suna jiran wuta, don haka a taimaka a rufe fayil yau.

Mishari bai taɓa kofin ba. Ya fita neman abokin aikin mamacin, wani dattijo ɗan Indiya mai suna Rajan. Dattijon ya rantse bai ga komai ba, yana magana yana satar kallon tagar manaja. Mishari ya nuna masa makullin.

"Wannan fa, na mene ne?"

Rajan ya ce duk wanda zai shiga ramin sai ya kashe wutar layin, ya sa wa makunnin kwaɗonsa, ya tafi da makullin.

"Ɓarawo yana sa kwaɗo?"

"Ba ɓarawo ba ne, yallaɓai. Aikensa aka yi."

A ɗakin makunnai babu kwaɗo a makunnin layin, sai sabon karce a jikin ƙarfen. Mishari ya zazzage bokitin yashin kashe gobara da ke bayan ƙofa. Kwaɗo ya faɗo, an datse shi. Ya zura makullin, ya juya sumul.

Yana fitowa wayarsa ta yi ƙara. Ogansa ne, ya kira shi da Bu Nasir, wato baban Nasir, kamar yadda yake yi idan yana neman alfarma. Ya ce Fawwaz yana da uwa a gindin murhu, kuma aikin na ƙasa ne, a rubuta haɗari a wuce.

Mishari ya ce, "Allah ya ja kwana, ka aiko mini da hakan a rubuce, da sa hannunka. Sai in rufe."

Ogan ya kashe wayar.

Na'urar ɗaukar hoto ta bakin ƙofa ta nuna motar Fawwaz ta shigo bakwai da minti goma. Mishari ya koma ofishin, ya ajiye kwaɗon kusa da farantin dabino. Bai fara magana ba Rajan ya turo ƙofa ya shigo da ƙurar takalminsa, ba wanda ya kira shi.

"Na ga manaja da almakashin ƙarfe," ya ce. "Na gaya masa akwai mutum a ramin. Ya ce in kama bakina ko in kama hanyar filin jirgi."

Fawwaz ya miƙe. "Ka san abin da zai faru da takardun zamanka?"

"Shekara ashirin da biyu ina ja muku waya a cikin wannan rana. Ka kore ni. Amma ba zan bari a aika wa matarsa akwati da sunan ɓarawo ba."

Mishari ya tambayi manajan inda yake ƙarfe bakwai da rabi, lokacin da aka ba layin wuta. Fawwaz ya fara zancen cunkoson hanya, ya ga hoton motarsa, ya koma ya zauna. Ya ce ya ɗauka Bishnu ya fita ya manta kwaɗon. Shi kuma manya sun yi ta kiransa a waya kan gwajin, minti biyar kawai ya so ya ba layin wuta.

"Ka leƙa ramin?"

"Ban leƙa ba."

Ya roƙa a fitar da shi ta ƙofar baya. Mishari ya sa masa ankwa, ya bi da shi ta tsakiyar fili. Ma'aikata suka ajiye kayan aiki, suka cire hulunan kwano, ba wanda ya matsa daga inda yake. Sai da Fawwaz ya ratsa su ɗaya bayan ɗaya kafin ya kai ga motar 'yan sanda.