Babban Yatsan Orval

Rana na shirin faɗawa bayan tsaunukan Arkansas lokacin da Delphia ta ɗauki wuƙa ta nufi ɗakin ƙyafe nama, za ta yanko na abincin dare. Ita kaɗai ta rage a gidan. Ranar Talata aka binne yayanta, Orval.

Tun tana budurwa take masa girki da wanki. Duk wanda ya zo neman aurenta, shi ya kore shi. Ran da zarton injin katako ya datse masa babban yatsa, a hankici ya kawo shi gida.

"Binne min shi a miƙe, Delphia. An ce in ba haka ba, dungun ba ya daina ciwo."

"Na binne, Yaya," ta ce washegari.

Ba ta binne ba. Ta jiƙa shi a barasar masara, ta tura a kwalba, ta cika da gishiri. Yatsan ya bushe, ya yi baƙi, bai ruɓe ba. Wata rana Orval ya zage ta, sai ta ɗora kwalbar a gefen murhu. Ta jiyo ihunsa daga gona, dungun na ƙuna kamar yatsan na jikinsa. Tun daga nan ba ta fasa ba. Da hunturu takan tura kwalbar cikin ƙanƙara, ta zauna tana kallon ƙato yana kuka.

"Kai dai ka cika raki, Yaya. Yatsan da babu shi ne ke ciwo?"

Yau ta tura ƙofar ɗakin naman. Duhu-duhu. Ƙaurin hayaƙi da tsohon kitse. Cinyoyin alade na rataye, suna lilo, alhali babu iska.

Ƙas. Ƙas.

Kamar farce a jikin gilashi.

Ta janye buhun da take ɓoye kwalbar a bayansa. Murfin a buɗe. Gishiri ya zube. Babu komai a ciki.

Ƙofa ta rufe kanta.

Warin taba da garin katako ya cika mata hanci. Warin rigar Orval.

"Delphia."

Raɗa ce, dab da kunnenta.

"Yaya... gobe zan binne shi. Na rantse."

"Kin iya ajiya, ƙanwata. Ni ma bari in ajiye ki."

Wani abu busasshe, mai kaushi, ya danna mata wuya.

Numfashi ya tsaya. Bakinta ya cika da gishiri.

Ta kai sara, wuƙar ta sari iska. Ta bangaji ƙofa da kafaɗa, katakon ya tsage, ta faɗo waje tana rarrafe.

Maƙwabta suka tsince ta a bakin hanya, da shatin yatsa a wuya, baƙi, busasshe. Likita ya ce naman wurin ya mutu, amma ba ya ruɓewa.

Kafin lokacin kaka, shatin ya bazu har kafaɗa. Yanzu ya sauka ƙirji. Delphia na nan da ranta, tana jin komai.