Lambar Yabon Da Baffa Ya Hau Karɓa

"Ki yi haƙuri, Auta, an ce kada in bar ki ki shiga."

Maigadin filin wasa ya faɗa yana kawar da kai, don shi kansa kunyar maganar yake ji. Auta ta riƙe ƙarfen ƙofa tana leƙen 'yan matanta goma sha ɗaya da suka yi jugum a kan ciyawa. Dukkansu kurame ne. Shekara shida tana tattaro su daga lunguna tana koya musu gudu, ita ke ɗinka musu riguna a kan tsohon kekenta, ita ke ɗaure musu ƙafa in sun gurɗe. Maganar hannu kuwa ta koye ta ne saboda yayarta kurma, wadda ta rasu tare da iyayensu a haɗarin mota. Yau ga shi an rufe mata ƙofa kamar ɓarauniya... Wayyo duniya!

Baffa ne ya yi mata wannan aiki, ƙanin mahaifinta, wanda gidan gado ke hannunsa. Da can ba ya ko kallon yaran, cewa yake Auta ta rasa aikin yi sai tara bebaye. Amma ranar da suka ciyo kofi aka nuna su a talabijin, sai ga shi da takardun ƙungiya da sunansa a matsayin shugaba. Da wani kamfani ya aiko da takalman gudu buhu biyu, sai suka yi ɓatan dabo, Baffa ya tara iyayen yaran ya ce Auta ce ta sayar.

"Baffa, ka ji tsoron Allah!" ta ce tana kuka. "Ko ganin buhunan ban yi ba!"

"Rufe min baki! Ni za ki ƙaryata, ni da na rufa miki asiri?"

Wa zai gaskata marainiya ya bar dattijo mai furfura? Masu kawo mata ɗinki suka kwashe yadikansu. Malamin makarantar da ke neman aurenta ya aiko cewa mahaifiyarsa ta ce a dakata, dakatawar da ba ta ƙare ba. In ta fito titi sai a riƙa nuna ta da baki. Kaka kaɗai ta rage mata, ita ma baƙin ciki ya kwantar da ita.

"Ƙawata, daina min kuka a ka, kina jiƙa min zane," in ji Kaka, tana ƙoƙarin murmushi. "Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ni dai fatana Allah Ya nuna min ranar da za a wanke ki."

Allah bai nufa ba. Wata safiya Auta ta shigo da ruwan ɗumi ta tarar rai ya yi halinsa... Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ba a yi sati biyu ba matar Baffa ta fito mata da kayanta tsakar gida, ta ce kekenta ma na gidan ne. Wata tsohuwa mai shara ce ta ba ta kusurwar ɗaki, ta samo mata aikin goge-goge a babban zauren taro na birnin. Nan Auta ta yi wata takwas tana goge kujeru, ta rame ta koɗe, ko addu'a in ta ɗaga hannu sai hawaye su riga kalmomi.

Ranar da birni ke karrama masu hidimar jama'a, ita ta share dandamali da hannunta. Tana maƙale a bayan labule aka ba wani likita lambarsa, aka ba matan da ke ciyar da marasa lafiya tasu. Sai ta ji an ce: "Lambar wasanni da jinƙai, ga uban kurame!" Baffa ya hau yana baza riga, 'yan matan na biye da shi, kawunansu a ƙasa.

Magajin gari ya miƙa masa hannu ya ce, "Tambayar mana su, yaya suke ji yau?"

Baffa ya shiga kaɗa hannuwa kamar mai korar ƙuda. Babbar cikin yaran, kyaftin ɗinsu, ta dube shi shekeƙe, ta juya wajen mai fassarar da aka tsayar a gefen dandamali saboda kurame masu kallo a gida. Hannuwanta suka fara magana. Mai fassarar ta ɗauki makirufo.

"Ranka ya daɗe, cewa take mutumin nan bai san ko sunan ɗayansu ba. Cewa take su ya sa suka ɗauki buhunan takalma zuwa shagon matarsa. Sun faɗa wa iyayensu, an ce shirme ne irin na kurame. Cewa take, ina Antinsu?"

Tsohuwa mai shara ta janyo Auta daga bayan labule, tsumma a hannunta. Yaran suka ruga suka rungume ta, suna wani irin kuka mai tsaga zuciya, har magajin gari ya cire tabarau yana share ido. Baffa ya nemi sulalewa, 'yan sanda suka tare shi a matakala. Kafin yamma an kwaso ragowar takalman daga shagon, daga baya kotu ta ɗaure shi, ta kuma mayar wa Auta rabonta na gidan.

Da aka ɗora mata lambar a hannu, sai aka ce ta yi jawabi. Ta dubi iyayen yaran da suka tofa mata yawu a da, yanzu suna tafi suna sunkuyar da kai. Sannan ta ce:

"Na gode wa Allah... Na yafe muku. Sai dai wadda na so ta ga wannan rana, tana ƙarƙashin ƙasa."

Ta durƙushe tana kuka. Kyaftin ta tsuguna a gabanta, ta ɗago mata fuska, ta tambaye ta da hannu: gobe ƙarfe nawa za mu fito gudu?

Auta ta share hawaye, ta ɗaga yatsu bakwai.