Ranar da Titi Ya Rabu Biyu

Harbin farko ya tashi daga cikin shagon gwal da tsakar rana. Direba na zaune a mota a bakin titi, inji a kunne. Ya dafe kai da hannu biyu. Ƙarar ta shiga kunnensa ta ƙi fita.

Tun aikin da ya wuce, da mai gadi ya sauke masa gindin bindiga a ƙeya, kansa bai koma daidai ba. Haske na sukar idonsa, jiri na ɗibarsa ko a zaune. Likita ya ce ya bar tuƙi ya kwanta. Matarsa ta roƙe shi har da kuka. Amma a harkarsu, marar lafiya kaya ne, kuma Oga ba ya ɗaukar kaya.

Oga da yaronsa Guntu suka faɗo cikin mota da jakunkuna.

"Ja mu ware!" in ji Oga.

Direba ya fizgi mota. Jiniya ta taso a baya. Rana ta daki gilashi — titi ya rabu biyu a idonsa. Ya bi wanda babu.

Taya ta daki kwalbati. Ya taka birki, ya buɗe ƙofa, amai ya ƙwace masa.

Oga ya dube shi a natse. "Tun yaushe?"

"Oga, zai wuce, wallahi—"

Da ƙafa ɗaya Oga ya tunkuɗa shi kan kwalta, ya karɓi sitiyari. Kafin ƙurarsu ta lafa, ankwa ta hau hannun Direba.

A ofishin 'yan sanda, Sufeto ya jawo kujera kusa da shi.

"Sun yar da kai kamar tsumma. Kuma sun san gidanka. Faɗa mini maɓoyarsu mu riga su."

Direba ya runtse ido. Shi ke kai su gidan da suke ɓuya kullum. Ga koren ƙyaure, ga bishiya a ƙofa. Unguwar kuwa, da hanyar, sun goge daga kansa.

"Ranka ya daɗe, ina so in faɗa. Ta ɓace mini."

Sufeto ya miƙe yana kaɗa kai. "Duk haka kuke cewa."

A daidai lokacin, matar Direba na shanya a tsakar gida, goye da jaririya. Ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali.

"Waye?"

"Uwargida, ni ne Guntu. Maigida ya aiko ni da saƙo."

Ta goge hannu a zani, ta nufi sakata.