Gwaggon Cikin Littafi

Ko mayafi Malama ba ta tsaya cirewa ba, ta faɗo falo tana ɗaga wata doguwar takarda sama.

"Injiniya! Taso ka gani — wallahi ya fito!"

Mijinta yana durƙushe gaban fankar da ya kwance tun safe, hannu duk baƙin mai. Gyaran janareta ne sana'arsa, ita ta laƙaba masa Injiniya tun suna zance, sunan ya bi shi har bakin abokai. Ya goge hannu a tsumma ya karɓi takardar da yatsu biyu. Fosta ce ta kamfanin ɗab'i, irin wadda ake rabawa makarantu da shagunan littattafai, ɗauke da hotunan sababbin littattafan matasa da za su fito bayan hutu. Ga nata nan a layin sama: yarinya zaune a bakin ƙofa rungume da jakar makaranta, sunan Malama a ƙasa da jan rubutu.

"Iye! Yau ni ne mijin marubuciya? Daga yau sai an cike fom kafin a gan ki ke nan."

"Bar tsokana. Ga samfurin ma edita ya ba ni. Tun yana rubutun hannu kake cewa za ka karanta fa."

"Zan karanta mana, ranki ya daɗe. Bari in gama da fankar nan."

Ta yi dariya ta ajiye masa a hannun kujera. Malama tana koyarwa ne a sakandaren 'yan mata, kuma ɗalibanta ne suka sa ta rubutun. Kullum kukansu ɗaya: littattafan laburare ko na ƙananan yara ne, ko na manya, babu wanda ke magana da su. Sai ta rubuta labarin wata marainiya da aka kai riƙo gidan gwaggonta, gwaggon tana ɓoye mata kayan makaranta don ta zauna ta yi aikin gida. Shekaru ta yi tana rubuta shi a ɗan lokacin da ke tsakanin makin jarrabawa da girki.

Da la'asar Yaya ta zo, babbar yayar Injiniya, wadda tun ranar ɗaurin aure take kallon Malama a matsayin wadda ta zo raba su da ƙaninsu. Ta ɗauki samfurin ta jujjuya, ta taɓe baki.

"Ara min in ga abin da ake ta yi wa rawar kai."

Malama ba ta so ba, amma wa zai hana yayar miji? Ta bayar da hannu biyu.

Kwanaki kaɗan bayan haka Hajiya, mahaifiyar Injiniya, ta aiko su zo. Tun daga amsa gaisuwa Malama ta san ba lafiya. Tsohuwar tana zaune a bakin gado, tabarau rataye a wuya, ta ƙi kallon inda take. Yaya na gefe da samfurin, shafuka da dama a lanƙwashe.

"Me na yi miki, 'yar nan?" Hajiya ta ce. "Na taɓa zaginki? Na taɓa shiga tsakaninki da mijinki? Shi ne za ki sa ni a littafi, yaran duniya su yi ta tsine mini?"

"Ni, Hajiya? Wallahi..."

"Rufe mana baki!" Yaya ta daka mata tsawa. "Gwaggo mai tabarau a wuya — wa ke rataya tabarau in ba Hajiya ba? Gwaggon da ta riƙe 'yar ƙaninta — wa bai san Hajiya ta riƙe 'yar Kawu ba? Kin zauna cikinmu kina lashe-lashen baki, ashe rahoto kike ɗauka!"

"Yaya, na fara labarin nan tun ban san gidan nan ba. Mata nawa ne ke rataya tabarau? Hajiya, don Allah ki bari in karanta miki da bakina, in kin ji..."

"Ba na so. Abin da na ji ya ishe ni." Hajiya ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, in har ni na haife ka, littafin nan ba zai fito ba."

Malama ta dubi mijinta. Kalma ɗaya take jira, ko da cewa ne a bincika. Ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur, ya ce, "To, Hajiya."

A gida ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Shi kuwa sai safa da marwa yake a falo.

"Ki gane mana! Uwata ce fa. Kina so in ce mata ƙarya take yi?"

"Ban ce ba. Cewa na yi ka ba ni lokaci in fahimtar da ita. Filis, Injiniya, kada ka yi komai tukuna."

"Shi ke nan, na ji."

Ta yarda da wannan "na ji" ɗin, domin bai taɓa yi mata ƙarya ba. Sai da ta je kamfanin ɗab'i duba bango na ƙarshe ta san abin da ake ciki. Ofishin edita ɗan ƙarami ne, warin tawada da gam ya cika shi, ƙarar inji na shigowa ta bango. Mutumin ya cire hula ya ajiye a tebur, ya rasa ta inda zai fara.

"Malama, sori fa. Na ɗauka kin sani. Maigidanki ya zo tare da yayarsa, suka ce labarin sirrin gidansu ne, in muka buga sai kotu ta raba mu. Kin san makarantu ne kasuwarmu, ba sa son littafin da ke da hayaniya. Mun sa wani a gurbinki."

Ya nuna mata sabuwar fosta a bango. Inda yarinyarta take zaune da jaka, yanzu hoton wani jirgin ruwa ne.

Ba ta san yadda ta sauko daga benen ba. Ta tsaya a bakin titi, motoci na wucewa. Daga nan ba gida ta nufa ba, gidan Baba ta wuce.

Mahaifinta ya daɗe a kwance da ciwon ƙoda. Tsohon mai buga tafireta ne, shi ya koya mata karatu a kan cinyarsa, kuma duk babin da ta gama shi take fara karanta wa. Tun da ya ji an karɓi littafin ya ƙara samun kuzarin shan magani. Yana ganinta ya yi ƙoƙarin tashi zaune.

"Uwata, yaushe ne? Na gaya wa yayanki ko a keken guragu ne sai ya kai ni shagon, in saya da hannuna."

Ta gyara masa matashi don kada ya ga fuskarta. "An ɗan ɗaga, Baba. Ka san aikin kamfani."

"Su dai yi sauri," ya ce yana murmushi. "Ni ma ana jirana."

Ranar da ta koma gida ba ta yi faɗa ba. Ta dafa abinci, ta ajiye, ta ce, "Na je wurin edita." Injiniya ya ture abincin gefe. Ta haɗa 'yan kayanta a jaka ta ce za ta je jinyar Baba, bai iya hana ta ba.

Bayan hutu littattafan suka fito. Ɗalibanta suka riƙa shigowa aji da su, sababbi ƙal, suna musanya a ƙarƙashin tebur. "Malama, ina namu? Ba kin ce wannan zangon ba?" Sai ta ce su buɗe shafin darasi. A guruf ɗin waya na dangin mijinta kuwa Yaya ta baza cewa an kama ta tana sayar da asirin gida, har matan da ba su taɓa ganinta ba suna tofa albarkacin bakinsu. Yayanta ya ce ta bari ya je ya ci mutuncin kowa. Ta ce a'a, Hajiya ce ta haifi mijinta, ba za a ɗaga mata murya saboda ita ba.

Baba ya rasu wata safiya, hannunsa a cikin nata. Har ya cika bai san an janye littafin ba.

Injiniya ya tsaya a kan komai, ya yi ta ɗawainiya da masu gaisuwa kamar ɗan cikin gida. Da jama'a suka watse ya same ta a ɗakin marigayin tana ninke kayansa. Ya rame, gemu ya cika masa fuska.

"Ki dawo gida, don Allah. Gidan ya yi mini faɗi. Na san na yi kuskure da ban gaya miki ba, amma..."

"Tambaya ɗaya zan yi maka." Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ka karanta shi?"

Ya kau da kai.

"Ka hau bene, ka zauna gaban mutane, ka rantse sirrin gidanku ne. Ka karanta ko shafi ɗaya?"

"Yaya ta ce..."

"Yaya ta ce!" Hawaye suka ɓalle mata. "Da ka karanta ka ce bai yi ba, wallahi da hannuna zan ƙona shi. Hajiya tana da uzuri, idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, abin da aka gaya mata ta ji. Kai fa? Kai da kake kwana kana tashi kana ganina a kansa? Ban ce ka saɓa wa mahaifiyarka ba. Amma ka yanke mini hukunci ba ka ji ta bakina ba, tsohon nan kuma ya tafi yana jira."

Ya fita, ta ji tashin babur ɗinsa. Ba ta nemi saki ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Ta ci gaba da zuwa makaranta daga gidan Baba, duk ƙarshen mako kuma ta kira Hajiya ta gaishe ta, ko da amsar ba ta wuce "lafiya" a kashe waya ba.

Wata ranar Asabar da hantsi tana shanya a tsakar gida ta ji sallama. Hajiya ce da kanta, tana dogara sanda, Injiniya a bayanta. Malama ta yi maza ta shimfiɗa tabarma, ta durƙusa ta gaishe ta.

Tsohuwar ta zauna, ta dube ta.

"Wannan ya je ya ƙwato littafin a hannun yayarsa. Ya zo ya ce ko zan tsine masa sai na saurara. Kullum in ya taso daga aiki sai ya zauna ya karanta mini, har muka kai ƙarshe." Ta share ido da bakin mayafi. "Ashe tsintar layi aka yi mini. 'Yar nan, wa ya ba ki labarina? Ba na gwaggon ba — na yarinyar. Ni ma a hannun wata na tashi. Ni ma an ɓoye mini kayan makaranta, sai dai ni ban samu malamar da ta zo nemana kamar ta cikin littafin ba. Shi ya sa har yau sai an karanta mini, ba laifin ido ba ne kawai."

"Hajiya..."

"Bari in gama. Akwai inda gwaggon ta yi magana na ji muryata, ba zan ɓoye ba. Amma wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba laifinki ba ne. Na hana ki abinki, na hana mahaifinki ganinsa, kuma ba ki fasa gaishe ni ba. Ki yafe mini."

Malama ta kifa kai a gwiwar tsohuwar ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Injiniya ya durƙusa nesa kaɗan.

"Ni ban san da wane baki zan roƙe ki ba. Na je wurin edita na gaya masa ƙarya na yi. Ya ce sai baɗi."

"Baɗi," ta maimaita a hankali. Ta dubi ƙofar ɗakin Baba da ke rufe. Sannan ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ta koma ɗakinta a makon. Da shekara ta zagayo littafin ya fito, makarantu suka yi rububinsa har aka sake bugawa, 'yan mata suna tare ta a hanya suna ba ta labarin nasu gwaggonnin. Hajiya ta sa aka ajiye mata kwafi a ƙarƙashin matashi, duk baƙuwar da ta zo sai ta nuna mata. Yaya dai ba ta taɓa ba da haƙuri ba, in sun haɗu a sabga sai ta kau da kai, Malama kuma ta bi ta da gaisuwa.

Tsakaninta da Injiniya so bai mutu ba, amma ya daɗe yana jinya. Ya zama mai sauraro, ita kuma ta koyi sake yin dariya da tsokanarsa. Sai dai akwai ranakun da zai shigo ya tarar da ita tana kallon bango, ya san inda zuciyarta ta tafi, ya zauna kusa da ita.

Haƙurin Malama ya dawo mata da mijinta da mutuncinta da littafinta, amma bai dawo da wanda ya tafi ba. Don haka duk wanda aka kawo wa magana a kan masoyinsa, ya je ya gani da idonsa, ya ji da kunnensa, kafin ya ɗaga hannu. Ana iya neman gafara a samu, amma akwai ɓarnar da ko an yafe ba ta gyaruwa.