Fentin da Ya Maƙale a Keke

Da safiyar Litinin aka ajiye wa Sufeton 'yan sanda wani fayil a teburinta. Ranar Juma'a da hantsi wata mota ta buge mai raba burodi a kan kekensa, ta tsere. Mutumin yana kwance a asibiti da karyayyen ƙugu, ga 'ya'ya huɗu a gida.

Ta sa aka shigo da keken. A ƙarfen baya ta ga ɓawon farin fenti ya maƙale, ta kankare shi cikin ambulan. Wata mai shago a kwanar da abin ya faru ta ce ba ta riƙe lamba ba, amma ta ga sitikar kwalejin fasaha a gilashin motar.

A kwalejin ta tarar da fararen motoci uku masu sitika, duk sumul, ko ƙwarzane babu. Maigadi ya ce in dai maganar jikin mota ce, ta nemi Mai Guduma a ɗakin koyon aiki.

Mai Guduma dattijo ne mai garejin gyaran jikin mota, kwana biyu a mako yake zuwa koyarwa. Sauran malamai ba sa kiransa taro, tunda ba shi da digiri. Ta same shi tsakanin ɗalibai, yana nuna musu yadda ake tayar da lotsewar ƙofa daga ciki.

Da ta faɗa masa abin da ya kawo ta, sai ya ce ba shi zai duba ba, ɗalibansa sun isa. Ya kira shugabar aji, wata mata mai 'ya'ya biyu, ya ba ta maganaɗisu naɗe a tsumma. Ya bayyana wa Sufeto cewa maganaɗisu yana kama ƙarfe, amma ba ya kama filar da ake cike lotsewa da ita.

Matar ta bi motocin a hankali. Biyu suka wuce lafiya. A ta uku, daidai saman tayar gaba ta dama, maganaɗisun ya sulluɓe ya faɗi ƙasa. Ta danna farce a wurin, fentin ya lotsa.

"Bai kai kwana uku ba, ranki ya daɗe," in ji ta.

Motar magatakardan kwalejin ce. Ya karɓi Sufeto a ofis da fara'a, har da sa a kawo ruwa.

"Ina motarka take ranar Juma'a?"

"Tana garejin wancan mai bugun ƙarfen tun Alhamis. Shi za ki tambaya."

"Me aka kai ta yi?"

"'Yan gyare-gyare. Dama mutanen nan, in ka bar musu mota sai su yi ta yawo da ita."

Ya ƙara da cewa tun a yau zai rubuta a dakatar da dattijon, don kada a ɓata sunan kwaleji.

Sufeto ta fito da shi wurin motar, ta maimaita maganarsa a gaban ɗalibai. Mai Guduma ya matsa gaban motar. Ya buɗe bonet, ya nuna mata bayan ƙarfen: har yanzu a yamutse yake, an dai lafta fila mai kaurin yatsa daga waje, fenti kuma ya fantsama har kan taya.

"Shekara ashirin da takwas ina wannan aiki," in ji shi. "Da ta biyo ta hannuna, ko ta hannun ɗaya daga cikin waɗannan, wallahi da ba ki gano wurin ba."

Maganar ta burge Sufeto, amma ta san alƙali ba zai karɓe ta a matsayin hujja ba. Tana cikin wannan tunani shugabar aji ta matso, ta miƙa mata waya.

Saƙo ne daga lambar magatakarda, ranar Juma'a da azahar: hoton motar a lotse a ƙofar gidansa, da roƙon ta zo ta gyara a ɓoye, zai taimaka mata a jarrabawa. A ƙasa ga amsarta. Ta ce malaminsu ya hana su taɓa motar haɗari sai da takardar 'yan sanda.

Magatakarda ya jingina da motar. Ya ce waya yake dubawa, bai ga keken ba, tsoro ne ya sa ya gudu, wani mai gyara na bakin titi ya rufe masa ɓarnar ranar Asabar. Ya roƙi a fitar da shi ta ƙofar baya. Sufeto ta ce wa kofur ɗin da ya rako ta ya bi da shi ta babbar ƙofa.

Kafin ta tafi ta sara wa dattijon, abin da ba ta saba yi wa farar hula ba. Ya yi murmushi, ya nuna shugabar aji da haɓa.

"Ita za ki sara wa, 'yata. Ni koyarwa kawai na yi."