Mai Tara Zangarniya

A bakin kogin Komadugu Hasna ta fara ganinsa, yana janye ruwa daga kwamin tattasai, wandonsa naɗe zuwa gwiwa. Ta yi sallama ta ce tana neman geron da bai taɓa ganin takin zamani ba.

"Na ci ko na shuka?" ya tambaya.

"Na karatu."

Ya yi dariya har ya saki hauyar. Sunansa Kalli, mutumin Baruwa ne ta bakin tafki, yaƙi ya koro su sansanin Gagamari shi da mahaifiyarsa. Ita kuwa ɗiyar Alhaji Muhsinu ce, ɗan Damagaram mai kanti a kasuwar Diffa, tana karatu a Yamai.

Ta bayyana masa aikinta. Duk abin da mutum ya ci yana barin alama a ƙashinsa. Gero da dawa alamarsu daban, shinkafa da alkama daban, kifi ma haka. Sai an auna tsirran wuri kafin a iya karanta abincin mutanen da suka zauna nan shekaru dubbai da suka wuce.

Sati uku yana zagaya gonaki da ita a kan moto, tana tara zangarniya a ambulan. Wata ranar Juma'a saƙonsa ya shigo:

"Malamata, in an auna ni yau, ke za a samu."

Ta daɗe tana murmushi kafin ta rubuta: "Manomina, injinmu bai kai nan ba. Amma na yarda."

Da maganar aurensu ta kai gida, Alhaji ya ɗaure fuska.

"Mutumin da gidansa tanti ne, Hasna? Ga Awalu ɗan ƙanena yana jiranki."

"Baba, ba shi ya zaɓi tantin ba."

Awalu bai tsaya jira ba. Ya je Gagamari ya baza cewa yarinyar mai tonon kabari ce, har ta tambayi hanyar Baruwa. Ta tambaya kuwa, amma gonaki take nufi. Abin da Hasna ba ta sani ba, a Baruwa aka rufe mahaifin Kalli cikin gaggawa ranar da suka gudu, ko alama ba a sa ba.

Kwana tara wayarta shiru. A na goma ya rubuto:

"Iya ta ce in na sake ɗaukarki ba ta yafe ba. Ba na iya barci, ba na iya saɓa mata. Ki yi haƙuri da ni."

Hasna ta yi kuka har idonta ya kumbura, da safe ta yafa mayafi ta nufi Gagamari ita kaɗai. Ta tarar da Ya Fanna, mahaifiyar Kalli, tana tsince shinkafar agaji a faifai. Ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ba ta ɗago ba.

"Iya, wallahi ban taɓa tona kabari ba. Ƙasusuwan da ake aunawa a Yamai sun fi shekara dubu biyu. Ni hatsi nake tarawa."

"Da za a ba ki ƙashin maigidana, me za ki gani?"

"Ba zan karɓa ba, Iya."

"Tambayarki na yi."

"Zan ga mutumin da ya rayu da gero da kifin tafki."

Hannun Ya Fanna ya tsaya a cikin faifan. Hawaye suka gangaro mata.

"Shi ne," ta ce a hankali. "Bai taɓa kwana bai ci kifi ba. Ni kuwa nawa ƙashin shinkafar baƙi zai ce, kamar ban taɓa mallakar gona ba."

"Ba haka ba ne, Iya. Haƙori yana riƙe da abincin yarinta. Naki Baruwa zai ce."

Tsohuwar ta dube ta a karon farko, ta daɗe tana kallo. Sai ta matsa mata a kan tabarma.

Ya Fanna da kanta ta je kantin Alhaji da dattawan Baruwa biyu. Ta ce, "Alhaji, ba mu da gida, amma muna da asali. Ka bincika." Ya bincika har wata guda, ya kuma gano wanda ya ƙaga ƙaryar kabarin. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya kira Awalu ya yi masa faɗa a gaban iyali.

Bayan an kwashe tattasai aka ɗaura auren a Diffa. Ya Fanna ta kama hannun amarya ta sa cikin na ɗanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa 'ya'yanku su girma a gidan da ba za a kore su ba."

Alhaji ne ya fara cewa amin.