Sawun da Ba a Rufe Ba

Ƙanena ya rasu. Auta muke ce masa a gida, a wurin aiki kuma Injiniya. Ya bar mata da 'ya ɗaya, ya bar kujera a ofis, a hawa na uku, ni kuma ya bar ni da wata ƙarya da na yi masa kwana biyu kafin ya cika.

Ban yi zurfi a boko ba. Daga sakandare na tsaya, na kama aikin buga takardu a wani shago, shekara goma sha ɗaya. Auta ne ya yi karatu. Da kamfaninsu ya nemi mai rubuta littafin bayani, sai ya ce da manaja, "Ina da wani yaya, yatsunsa sun fi bakina sauri." Haka na shiga.

Abin da ya gina, Bin Sawu suke kiransa. A bayan wata ambulan ya zana mini shi.

"Ka ga, Yaya, in mutum ya danna abu a waya, saƙonsa ba kai tsaye yake isa ba. Sai ya bi ta na'ura biyar ko goma, kowace a wani gari. In ya ɓace a hanya, ina za ka nema? To ni nake manna wa kowane saƙo lamba. Duk inda ya yada zango a rubuta: ya shiga lokaci kaza, ya fita lokaci kaza."

Wasu kamfanoni suna haɗa manhajojinsu da tamu ta wata kafa da ake kira API. Littafin da nake rubutawa shi ne yake koya musu yadda ake bin wannan kafa. Auta yana faɗa, ina bugawa, ina cike inda ya yi tsalle.

Babi shida muka gama lafiya. Na bakwai shi ne na rufe zango. Ya ce duk zangon da aka buɗe sai an rufe shi, in ba haka ba na'ura za ta zauna tana jira, tana zaton matafiyi bai iso ba. Sau biyu ya nuna mini yadda ake yi, ban gane ba. Na uku kunya ta hana ni tambaya. Yaron da na riƙa kaiwa makaranta a kan keke. Sai na rubuta kan babin, na bar shafin wayam, na cire shi daga jerin babobi don kada a gani.

Ran nan ya yanke jiki ya faɗi a ofis. Ta matakala aka sauko da shi. Daga gadon asibiti ya aiko mini saƙon murya na minti tara, ya rubuta a ƙasansa cewa duk kan babi na bakwai ne. Ban buɗe ba. Da na je duba shi ya ce, "Ka saurara?"

Na ce, "Na saurara. Na ma gama."

Ya yi murmushi. "Yauwa, Yaya na kaina. Ashe tsufa bai taɓa kwanyar ba."

Bayan rasuwarsa na kasa buɗe saƙon. Ina tsoron muryarsa.

Koke ya fara zuwa daga masu amfani da Bin Sawu. Zanguna dubbai a buɗe, ja wur a allo, na'ura ta yi nauyi. Aka ɗauko sabon injiniya. A taron ranar Alhamis ya karanta littafin daga farko har ƙarshe, ya ce, "Allah Ya jiƙan rai, amma wanda ya gina wannan ya yi ƙofar shiga bai yi ta fita ba." Manaja ya ce ranar Litinin za a ajiye aikin gaba ɗaya, a sayo na wasu.

Ina zaune a wurin. Na san ƙofar fita tana cikin wayata. Na bari aka ɗora wa mamaci laifina.

Asabar da yamma matarsa ta ce, "Yaya, tabaransa da kofinsa suna can. Yarinyar nan kullum sai ta tambayi kofin." Ta ba ni katinsa na shiga ofis, wai in mayar musu. Na sa shi a aljihun riga.

Rana ta yi ja lokacin da na isa. Maigadi yana bakin ƙofa da rediyonsa.

"Mai yatsu, yau ma aiki? Sai dai ka taka, lif a kashe yake tun safe. Masu gyara sun cire masa wani abu sun tafi da shi."

Na taka. Hawa na uku shiru, sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki. Warin kafet da tsohon shayi. Na kunna fitila ɗaya, na zauna a teburina, kusa da nasa.

A bango akwai babban allo. Don gwaji, Auta ya haɗa ƙofofin ginin da lif da fitilu da Bin Sawu, har da kujeru. Duk wanda ya shigo da kati, sawunsa yana fita a allon. Nawa yana nan, ɗan gajeren layi. Sama da shi akwai wani, dogo, ja.

Lambar Auta ce. Ya shiga da kati ranar da ya faɗi, aka fita da shi a hannu. Kwana hamsin da uku na'ura tana jiransa.

Na kau da kai. Na ɗauki kofin, na naɗe tabarau a hankici.

Allo ya yi ƙit.

Ƙarƙashin jan layin, sabon zango ya fito. Ƙofar ƙasa, an shiga.

Na taɓa aljihu. Katin yana nan.

Ƙit. Lif, hawa na ɗaya.

Na ce a raina, na'ura ce, ta rikice. Sai na ji shi. Can cikin bango, igiyar ƙarfe tana ja a hankali.

Hawa na biyu.

Na nemi addu'a, ta maƙale a maƙogwaro.

Hawa na uku. Ƙararrawar lif ta kaɗa sau ɗaya.

Takun ƙafa a baranda. Ɗaya tana sauka sosai, ɗaya tana ɗan ja. Haka yake tafiya tun da ya faɗo daga kekena yana ɗan shekara bakwai.

Fitilar baranda ta kama. Ta gaba ta kama. Ta bakin ƙofa ta kama.

Ƙofa ba ta motsa ba. Amma warin man zafi ya shigo, irin wanda yake shafawa a goshi in kai ya sara masa.

Kujerarsa ta yi ƙara, kamar an zauna.

Ban juya ba. Idona yana kan allo. Kujera ta huɗu, akwai mutum.

Na san abin da aka koya mana, wanda ya tafi ba ya dawowa. Na yarda da haka a lokacin, na yarda har yanzu. To wane ne wannan?

Murya ta zo daf da kunnena, ƙasa ƙasa, babu numfashi a cikinta.

"Yaya. Ka gama?"

Hawaye ya zubo mini. Wallahi ba na tsoro ba ne kaɗai.

"Ban gama ba," na ce. "Ban ko fara ba. Ƙarya na yi. Ban gane ba ne, na ji kunyar tambaya."



Na ciro waya, na danna saƙon. Muryar Auta ta cika ɗakin, ta gaskiya, da tarinsa, da ƙarar takalman ma'aikatan jinya a bayansa.

"Yaya, na san abin nan ya ɗan ba ka wuya, don na ga fuskarka. Laifina ne, sauri nake yi. Bari in bi da kai a hankali."

Ashe ya sani.

Na buɗe shafin nan da na ɓoye. Yana faɗa, ina bugawa. A ɗauki lambar zango. A aika ta da lokacin fita. A rufe na ciki kafin na waje. In saƙo ya mutu a hanya, shi ma a rufe shi, a rubuta dalili, kada a bar na'ura tana jira. Abu mai sauƙi. Minti tara.

Duk tsawon lokacin warin man zafi yana ƙaruwa, kafaɗata ta hagu ta yi sanyi kamar an ɗora ƙanƙara.

A ƙarshe ya ce, "Ka gwada da wata lamba ka gani. Sai na fito." Saƙon ya ƙare.

Na buga lambarsa. A gurbin dalili na rubuta, ya koma ga Ubangijinsa. Na aika.

Jan layin ya koma kore, daga sama har ƙasa. Na sauke numfashi.

Sai na lura. Zango ɗaya bai rufu ba. Ya ɓalle daga layin Auta, ya tsaya shi kaɗai, babu lamba, babu suna.

Kujera ta huɗu, akwai mutum.

Warin man zafi ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa, kamar na gashi a wuta.

Kujerar ta juyo.

"Yaya," aka ce. Wannan karon ba a ko yi ƙoƙarin kwaikwayon muryarsa ba.

Ban san yadda na kai ƙofa ba. Addu'ar da ta maƙale ta fito da kanta. Matakala uku uku nake tsallakewa, kofin a ƙirjina. A bayana fitilu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A hawa na ɗaya wani abu ya kama gefen rigata, na ji ta yage, ban tsaya ba.

Na faɗo waje a gaban maigadi. Ya rage rediyo, ya dube ni, ya ɗaga kai sama.

"Ka bar abokinka a ciki?" ya ce a hankali. "Ga shi can a taga."

Ban duba ba. Aljihuna ne ya yage. Katin babu.

Ranar Litinin na miƙe a taro kafin manaja ya buɗe baki. Na faɗi komai game da babin, har da ƙaryar asibiti. Ban iya kallon kowa ba. Sabon injiniya ya karanta shafin sau biyu, ya ce, "Na yi wa marigayi rashin adalci. Ƙofar tana nan." Manaja ya ce, "Da ka tambaya." Wannan maganar ta fi mari zafi.

Aka aika wa kowa babi na bakwai. Cikin mako guda jajayen layuka suka ƙare, ba a ajiye Bin Sawu ba. Sunan Auta yana shafin farko. Yanzu in ban gane abu ba sai in tambaya, ko sau biyar ne, ko a gaban wa.

Zango ɗaya ya rage. Sabon injiniya ya ce na'urar kujerar ce ta lalace, aka fitar da kujerar, layin bai rufu ba. Ni dai kafin rana ta yi ja nake barin ginin.

'Yar Auta tana shan ruwa da kofin. Ban gaya wa uwarta komai ba sai maganar ƙaryar, ita kuma ta ce tun a asibiti ya faɗa mata ya san ban gama ba, yana dariya.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙo ya taya ni da amin. Allah Ya jiƙan ƙanena, Ya haskaka makwancinsa, Ya raya abin da ya bari. Ya yafe mini abin da kunya ta sa na yi. Abin da ke zaune a hawa na uku kuma, Allah Ya shiga tsakaninmu da shi. Amin.